Wa ke ƙirga itatuwan gonakin Maradi, kuma da wane ido?

Wanda ya bi hanyar Maradi zuwa Tasawa a watan Maris, idan ya wuce Cadawa ya doshi Agye, ba ya bukatar a faɗa masa akwai itace a ƙasar nan. An girbe hatsi, an kwashe kara, ƙasa ta yi fari fat, amma gonaki cike suke da gawo kore shar, ga kalgo da sabara a tsakani, nan da can aduwa ko magarya. Sai dai shekaru da dama, idan ka buɗe manyan taswirorin dazuzzukan duniya a kwamfuta ka nemi wannan wuri, fili za ka tarar, kusan babu komai. Idon matafiyi da idon na'ura sun saɓa, kuma maganar na'urar ce ake kaiwa teburin da ake tsara manufofi da raba kuɗin raya ƙasa. Wannan ya sa nake ganin wajibi ne mu san yadda manhajojin bayanan daji ke aiki, har mu da ba za mu taɓa zama gaban kwamfutar ba.

Idan aka ce manhajar bayanan daji, ba abu guda ake nufi ba. Sarƙa ce mai zobba: wadda ake ɗaukar awo da ita a gona, wadda ke adana abin da aka ɗauko, wadda ke lissafi, da wadda ke zana taswira. Zoben farko shi ne wanda na fi sani, domin na sha ranarsa.

Babu mai iya ƙirga kowane itace na jiha guda da ƙafa. Abin da ake yi shi ne abin da mai sayen gero ke yi a kasuwa: ba ya zazzage buhu duka, sai ya zura hannu sama, ya zura tsakiya, ya zura ƙasa, ya san abin da ke ciki. Kwamfuta ce ke warwatsa ɗigogi a kan taswira ba tare da zaɓi ba, don kada ma'aikaci ya bi inuwa ko bakin hanya kawai. Kowane ɗigo ya zama filin awo. A ce mita 50 tsawo, mita 50 faɗi, wato rubu'in hekta. Cikin filin nan kowane itace sai an rubuta sunansa, an ɗaura masa igiyar awo a tsayin mita 1.30 daga ƙasa, wajen ƙirjin mutum, an raba zagayen da 3.14 don a sami kaurin gangar, an kimanta tsawonsa da faɗin inuwarsa, an duba ko an sare shi, ko wuta ta taɓa shi, ko kauci ya kama shi.

Da can takarda da fensir ne. Gumi ya jiƙa takardar, iska ta ɗauke wata, a dawo gari wani ya zauna makonni yana kwafa cikin kwamfuta, rubutun da bai gane ba ya cika da zato. Yanzu wayar salula ta ɗauki wannan aiki. Hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, tana da tarin manhajoji kyauta da ta kira Open Foris, cikinsu akwai wadda aka yi musamman don shigar da awon itace a waya. Akwai KoboToolbox da ODK, waɗanda ma'aikatan ayyukan raya karkara a nan suka fi sabawa da su saboda da su ake binciken abinci da lafiya. Akwai QField, wadda ke ɗauko taswirar da aka shirya a QGIS, manhajar zana taswira a kwamfuta, ta sa maka ita a aljihu. Dukkansu suna aiki ba tare da rezo ba. Sai ka dawo inda akwai intanet ka tura. Babban alherinsu shi ne gardama da suke yi da kai tun kana gindin itacen. Ka rubuta kaurin sabara santimita 300, wayar ta ƙi karɓa. Ka manta tsawo, ta hana ka wucewa. Ta ɗauki wurin da kake tsaye da kanta, ta haɗa da hoto da lokaci.

Amma fom ɗin da ke cikin wayar mutum ne ya tsara shi, kuma abin da bai yi wa gurbi ba, babu ƙofar da zai shiga. Wata rana muna awo a wata gona a yankin Agye, fom ɗinmu ya ce duk abin da kaurinsa bai kai santimita 5 ba a tsallake shi. Ƙa'ida ce da aka saba da ita a awon gandun daji, inda katako ake nema. Mai gonar, dattijo ne, yana biye da mu da gatarinsa a kafaɗa, bai ce uffan ba har muka tsallake gindin kalgo na uku. Sai ya tsaya ya dafa shi. Reshe biyu ya bari a tsaye, ya share sauran, ya ɗaure musu tsumma ja don masu neman iccen girki su san da mai shi.

Ya ce, “Ɗana, wannan fa? Ba ku rubuta ta ba.”

Na ce, “Baba, ƙarama ce, na'urar ba ta karɓar irinta.”

Ya ce, “Damina biyu ina gyaranta. Manyan da kuke aunawa ni ma tarar da su na yi. Wannan ita ce aikina.”

Da yamma da na ƙirga, a wannan fili mun rubuta itace 4, mun tsallake toho fiye da 20. Wanda zai karanta rahotonmu a ofis zai ce gonar ta tsufa, itatuwanta na ƙarewa. Gaskiyar kuwa akasin haka ce. Manhajar ba ta yi kuskure ko ɗaya ba, abin da aka umarce ta ta yi. Mu ne muka shigo da ma'aunin gandu cikin gona.

Abin da dattijon nan yake yi shi ne sassabin zamani, kuma Maradi ce gidansa. A 1983 Tony Rinaudo, ɗan Ostareliya da ke aikin dashen itace a nan ƙarƙashin mishan ta SIM, ya lura cewa ƙananan tsirran da ake sharewa lokacin sassabe toho ne na kututturen da saiwoyinsu ke raye a ƙasa. Idan aka zaɓi reshe ɗaya zuwa kaɗan aka kare su, aka datse sauran, cikin 'yan shekaru sai su zama itace, ba gandun reno, ba ban ruwa. Yunwar 1984 ta sa aikin ya bazu ta hanyar ba da abinci a madadin aiki, daga baya manoma suka riƙa koya wa juna. Garuruwa irin Ɗan Saga suka yi suna da kwamitocin tsaron itace. Sai a tsakiyar shekarun 2000, da masu bincike irin su Gray Tappan na hukumar binciken ƙasa ta Amurka, da Chris Reij, da Larwanou Mahamane suka gwama tsoffin hotunan jirgin sama da sabbin hotunan tauraron ɗan Adam, suka kuma taka ƙasa, duniya ta ji adadin da ake ta maimaitawa yau: wajen hekta miliyan 5 da itatuwa kusan miliyan 200, galibi a jihohin Maradi da Damagaram. Shekara ashirin ana wannan aiki a fili, lissafin duniya bai gan shi ba.

Me ya ɓoye shi? Abu biyu, kuma duka biyun suna zaune cikin manhajoji har gobe.

Na farko ma'anar kalma ce. A wajen FAO, daji shi ne filin da ya wuce rabin hekta, itatuwansa sun haura mita 5, inuwarsu ta rufe fiye da kashi 10 cikin 100 na ƙasa, sannan ba filin noma ba ne. Wannan sharaɗi na ƙarshe shi kaɗai ya fitar da gonakinmu. Ko gawo 60 ne a hekta, muddin ana shuka gero a ƙarƙashinsu, gona ce, ba daji ba. Baban Rafi a kudancin Madarunfa daji ne a wannan ma'auni, amma dukiyar itacen jihar nan mafi yawanta ba a can take ba. Kabar Gulbin Kaba da ake saƙa tabarma da igiya da ita, wadda yawancinta ko ganga ba ta yi ba, ita ma ba ta cikin lissafin. Ma'anar tana da amfaninta, da ita ake gwama ƙasa da ƙasa. Matsalar tana zuwa ne idan aka ɗauke ta aka sa a manhaja, manhajar ta fitar da sifili, mai karatu ya fassara sifilin da cewa babu itace.

Na biyu ƙarfin ido ne. Hoton tauraron ɗan Adam a yanke yake gida-gida kamar gurabun dara, kuma kowane gida launi ɗaya yake ɗauka, matsakaicin duk abin da ke cikinsa. A taurarin Landsat na Amurka, waɗanda aka fara harbawa a 1972 aka kuma buɗe rumbun hotunansu kyauta a 2008, gida guda mita 30 ne kowane gefe, wato murabba'in mita 900. Babban gawo mai inuwar da faɗinta ya kai mita 10 yana rufe wajen murabba'in mita 79, bai kai kashi 9 cikin 100 na gidan ba. Sauran duk yashi ne mai haske, sai ya haɗiye koren. Taswirar da Matthew Hansen da abokansa na jami'ar Maryland suka fitar a 2013, wadda dandalin Global Forest Watch ya ginu a kanta a 2014, da Landsat aka yi ta. Ta yi matuƙar amfani wajen tona asirin masu sare dazuzzukan Amazon da Kongo. A ƙasar da itace ke tsaye ɗai-ɗai kuwa, ta gaza gani.

Abubuwa sun canza, kuma ya kamata a faɗi haka. Sentinel-2 na Turai, wanda aka harba na farkonsa a 2015, gidansa mita 10 ne, yana kuma dawowa kan wuri guda duk kwana 5. FAO ta fito da Collect Earth, wadda dabararta ta burge ni don sauƙinta: maimakon a bar na'ura ta yi hukunci, sai a zaunar da mutum gaban hoto mai kaifi na Google Earth, a ɗora masa filin rabin hekta da ɗigogi a ciki, ya ƙirga ɗigo nawa suka faɗa kan itace. Da wannan hanya aka duba filaye fiye da 210,000 na busassun yankunan duniya, sakamakon da ya fito a 2017 ya nuna hekta miliyan 467 na daji da ba a taɓa sa su a rahoto ba. A 2020 Martin Brandt da abokan aikinsa na jami'ar Kopenhagen suka koya wa ƙirƙirarriyar basira gane kan itace guda-guda a hotunan da gidansu rabin mita ne, suka ƙirga itatuwa biliyan 1.8 a yammacin Sahara da Sahel. A 2023 aikin ya faɗaɗa daga Tekun Atlantika zuwa Bahar Maliya, ya ratsa ta kanmu, aka sami biliyan 9.9. A shekarar dai wani binciken ya nuna kashi 29 cikin 100 na inuwar itacen Afirka tana wajen wuraren da ake kira daji.

A nan ma sai da sanin gida. Gawo yana zubar da ganye da damina, ya yi kore da rani, akasin sauran itatuwa. Wanda ya zaɓi hoton watan Agusta zai ga gona kore ko'ina, gero da wake da ciyawa sun gauraye da itace, gawon kuma a tsiraice. Wanda ya zaɓi hoton farkon rani, bayan ciyawa ta bushe, shi ne zai ga itace a fili. Yaron da ya taɓa kora awaki gindin gawo don su ci 'ya'yansa ya san wannan. Manhaja sai an gaya mata. Kuma duk kaifin hoton, har yanzu yana da wuya ya bambanta maka kirya da tsamiya, ba ya ganin tohon da dattijon can ya ɗaure wa tsumma, ba ya sanin itacen na wane ne. Sama tana ba da yawa da faɗi, ƙasa ce ke ba da suna.

Sunan kuwa shi ne inda rumbun bayanai ke yawan lalacewa, kuma aiki ne da ba wanda ke yabon mai yinsa. Ka tara fayilolin ƙungiyoyi uku da suka yi aiki a gunduma guda. Ɗaya ta rubuta gawo, ɗaya ta rubuta gao da rubutun Faransanci, ɗaya ta rubuta Acacia albida, tsohon sunan kimiyya, alhali yanzu Faidherbia albida ake cewa. Kwamfuta za ta ce iri uku ne. Aduwa da adoua, magarya da magaria, haka. Bagaruwa da aka sani da Acacia nilotica ta koma Vachellia nilotica bayan taron masana tsirrai na Melbourne a 2011, daƙwara kuma ta koma Senegalia senegal. Wani itacen yana da suna biyu tsakanin Gobir da Katsina, makiyayi Bafulatani ko Buzu yana da nasa. Maganin shi ne tun ran gini tun ran zane: a yi jadawali guda, kowane iri da lambarsa da ba ta canzawa, a rataya masa duk sunayensa, a fom kuma a zaɓa daga jeri, kada a bar kowa ya rubuta da hannu. A kuma bar ƙofar ƙara sabon suna da hoto, domin gurbin da ake kira “wasu” shi ne kabarin itatuwan da suka yi ƙaranci, su ne kuwa aka fi bukatar sanin halinsu.

Akwai ƙananan tarkuna da suka keɓanta da mu. Mun yi karatu da Faransanci, muna rubuta 12,5 da waƙafi. Manhajoji da yawa suna jiran 12.5 da ɗigo, sai su ɗauki namu a matsayin rubutu ko su raba shi gida biyu. Haruffanmu masu ƙugiya, ƙ da ɗ da ɓ, idan ba a adana fayil da tsarin UTF-8 ba sai su koma alamar tambaya, ɗorawa da kaɗanya su ɓace. Sai lambobin wuri. Birnin Maradi yana wajen digiri 13.5 arewa, 7.1 gabas. Ka musanya su gurbi, filin awonka ya faɗa kusa da Ngaundere a Kamaru. A tsarin UTM kuma, wanda ya raba taswirar duniya shiyya-shiyya, Maradi tana shiyya ta 32, Yamai tana ta 31. Wanda ya karɓi fayil daga babban birni bai canza shiyyar ba, gonakin Mayayi za su yi tafiyar kilomita wajen 650 zuwa yamma. Amfanin QGIS, wadda kyauta ce kuma Gary Sherman ya fara ta tun 2002, shi ne da ka zuba ɗigogin a kan taswira za ka ga wanda ya yi ɓatan kai.

Lissafi ba zan daɗe a kansa ba, sai a wuri biyu. Na ɗaya nauyin itace. Ba a sare itace don a auna shi. Akwai ƙa'idojin lissafi da ke karɓar kauri da tsawo da taurin icce su ba da nauyi, sannan a ɗauki wajen kashi 47 cikin 100 na busasshen nauyin a matsayin kabon, wato sinadarin da itace ke zuƙowa daga iska ya adana a jikinsa. FAO da abokanta sun tara irin waɗannan ƙa'idoji a dandalin GlobAllomeTree. Amma ƙa'idar da aka fitar daga dogayen itatuwan kurmi ba za ta dace da gawon da makiyaya ke sassare wa rassa kowace bazara ba, ko sabara mai kai goma daga gindi guda. Manhaja za ta ba ka amsa da lambobi uku bayan ɗigo ko da ƙa'idar ba ta wurin ba ce, kuma kyan lambar yana sa a yarda da ita. Yanzu da ake ta maganar cinikin kabon, wato biyan kuɗi kan kabon da itace ya adana, kuskure a nan kuɗin manomi ne.

Na biyu shi ne yawan ire-iren halittu, wanda mutane ke rikita shi da yawan itace. A ɗauki gona biyu, kowacce da itace 40, kowacce da iri 4. Ta farko: sabara 36, kalgo 2, aduwa 1, magarya 1. Ta biyu: goma-goma. Idan adadi kawai aka duba, daidai suke. Ma'aunin Shannon, wanda lambarsa ke hawa idan ire-iren sun yi yawa kuma sun daidaita, wanda kuma manhajar lissafi ta R ke fitarwa cikin ƙiftawar ido, zai ba ta farko 0.43, ta biyu 1.39. Wannan bambanci yana da muhimmanci a gare mu ƙwarai, domin sassabin zamani abin da ke da kututture a ƙasa yake tayarwa. Sabara da kalgo da taramniya da gawo suna dawowa da sauƙi. Kirya, da kanya, da danya, da ɗorawa, waɗanda tsofaffi ke lissafa maka inda suke a da, idan saiwarsu ta mutu ba sa dawowa sai an shuka. Jiha za ta iya yin kore a hoton sama alhali tana talaucewa a ire-ire. Mata masu ɗibar ganyen miya da masu maganin gargajiya sun riga kowace kwamfuta sanin haka, sai dai ba kasafai ake zuwa da fom wurinsu ba.

Ga dabbobi da tsuntsaye da ciyayi akwai wasu rumbunan. Mafi girma shi ne GBIF, wanda aka kafa a 2001 da hedkwata a Kopenhagen; yana tara shaidar cewa an ga iri kaza a wuri kaza ran kaza, daga jami'o'i da gidajen adana tsirrai da 'yan sa-kai, bisa tsarin rubutu guda da ake kira Darwin Core. Pl@ntNet da iNaturalist suna ba kowa damar ɗaukar hoton ganye ko tsuntsu su faɗi sunan da suke zato. Zatonsu yana ƙarfi ne a inda aka tura musu hotuna da yawa, shi ya sa furen lambun Faransa ya fi anza ko ƙarangiya sauƙin ganewa a wurinsu. Gyaran wannan yana hannunmu: ɗaliban jami'ar Dan Dicko Dankoulodo kaɗai, idan kowane ya tura hoto mai kyau da suna tabbatacce daga garinsu ko daga bakin tafkin Madarunfa, taswirar za ta canza.

Gadabeji a arewacin jihar, wadda aka keɓe a matsayin gandun namun daji tun 1955 kuma UNESCO ta sa ta cikin jerin wuraren adana halittu a 2017, tana nuna wani ɓangaren. Raƙuman dawan Afirka ta Yamma sun ragu har zuwa 49 a tsakiyar shekarun 1990, dukkansu a yankin Kure kusa da Yamai. Da kulawa suka haura 600, kuma a watan Nuwamba 2018 aka ɗauko 8 aka kai Gadabeji. Ana ƙirga su ne da hoto, domin zanen jikin kowane daban yake kamar zanen yatsa, kuma akwai manhajojin da ke gwama zanen su ce wannan wance ce. Masu tsaron gandun namun daji a ƙasashe da yawa suna amfani da SMART, wadda ke rubuta inda sintiri ya bi da abin da ya tarar, tarko ko sawun mota ko gawar dabba, don shugaba ya ga kusurwar da aka daɗe ba a leƙa ba. Irin wannan bayani ba na bazawa ba ne. Taswirar da ke nuna wa mai tsaro inda barewa ke kwana, ita ce za ta nuna wa mafarauci. Shi ya sa iNaturalist ke dusashe ainihin wurin da aka ga irin da ke cikin haɗari. Manhaja ta gari dole ta san wa zai ga me.

Wannan ya kawo ni ga abin da ya fi ci mini rai. Na taɓa aiki da wani shiri na 'yan shekaru, muka auna ɗaruruwan filaye, muka kafa ƙarfe a tsakiyar kowane don a dawo a sake aunawa. Shirin ya ƙare, motoci suka tafi, kwamfutar da bayanan ke ciki ta bi wanda ya tafi da ita, asusun intanet ɗin kuma ba wanda ya san kalmar sirrinsa. Bayan shekaru wani sabon shiri ya zo yankin ya fara daga sifili, da nasa fom, da nasa ma'auni. Darajar awon itace kuwa tana cikin maimaitawa. Awo ɗaya hoto ne kawai. Sai ka dawo kan fili guda bayan shekara 5, bayan 10, za ka san ko kirya na ƙaruwa ko tana ƙarewa. Ƙarafan nan na nan a gonaki, manoma na kewaye su da garma, lambobin da ke ba su ma'ana sun tafi.

Ga kuma tambayar da manomi ke yi idan ya ga baƙo na ɗaukar hoton itacensa da waya: wannan rubutu ina za shi? Tambaya ce mai tushe. Shekaru da dama doka ta sa itace ya zama na gwamnati, mutum ya ci tara don ya sare reshe a gonarsa, har wasu suka gwammace kashe toho tun yana ƙarami don kada ya jawo musu ma'aikatan gandun daji. Dokar daji ta 2004 ta sassauta, sannan dokar da aka sa wa hannu ranar 30 ga Yuli 2020 kan sassabin zamani ta amince da haƙƙin manomi a kan itacen da ya raya. Rajistar itatuwa za ta iya zama shaidar wannan haƙƙi ranar da rigima ta taso da maƙwabci ko da mai sayen kabon. Za ta kuma iya zama jerin waɗanda za a bi da tara. Manhajar ɗaya ce a duka biyun. Tunda fom ɗin yana ɗauke da sunan mutum da iyakar gonarsa, dokar kare bayanan mutane ta Nijar ta shafe shi, ko masu aikin sun tuna ko ba su tuna ba.

Don haka idan aka tambaye ni wace manhaja ta fi, ba na fara amsawa da suna. Nijar ta yi alkawarin farfaɗo da hekta miliyan 3.2 nan da 2030 a ƙarƙashin AFR100, shirin farfaɗo da ƙasa na Afirka, ga kuma Babbar Ganuwar Itatuwa da Tarayyar Afirka ta amince da ita a 2007. Dole a auna, dole a kai rahoto, kuma kayan aikin kyauta sun wadatar. Abin da nake tambaya shi ne: tana aiki inda babu rezo, a kan waya mai araha da ake caji da faifan hasken rana? Tana fitar da bayanai a fayil ɗin da kowace kwamfuta za ta buɗe bayan shekara 20, ko sai an ci gaba da biyan wani kamfani? Fom ɗin yana da gurbin toho, da sunan Hausa, da amfanin da mata da makiyaya ke yi da itacen? Kwafi yana zama a ofishin muhalli na jiha, da jami'a, da cibiyar binciken noma ta INRAN da ke Maradi, da ofishin magajin gari, kafin a tura ko'ina?

Sai abu na ƙarshe da ban taɓa ganin an sa shi a kasafin wani shiri ba, ko da yake kuɗinsa bai kai na man mota na kwana guda ba: a buga taswirar garin a babbar takarda, da Hausa, a koma da ita gindin itacen da ake zaman fada, a shimfiɗa a kan tabarma, a nuna wa mutane abin da aka samu. A wurin ne wani zai sa yatsa ya ce wannan ba marke ba ne, wannan gonar ba ta wane ba ce, kuma can bayan rijiya akwai kanya biyu da kuka tsallake.